Akwatin da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarmu da har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya ƙara miki lafiyar shayarwa, ya raya mana ita, ya sa ta ɗauko hankalinki ta bar miki surutunki. Mu nan lafiya lau muke. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da muka hana ta hawa bene da kwandon wanki, sai dai da zarar ta ga ba kowa sai ta saci jiki ta hau. Kaka tana nan da ƙarfinta, kullum sai ta sa na buɗe mata hotonki ta duba ko kin rame. Baba kuma aiki ya yi masa yawa, zafi ya shigo, duk mai firji ya tuna da shi.

Kin ce in kin kira ni ba kya samun komai a bakina sai eh da a'a, shi ya sa na ɗauko biro. Labarin wayar ofis zan ba ki, da yadda saura ƙiris Baba ya rasa Iya Mai Kaji, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki. Kin fi ni sanin matsayinta a wurinsa. Ita ta fara ba shi aiki tun yana yawo da akwatin kayan gyara a kafaɗa, shi ke duba mata injin ƙyanƙyasa da firizojinta shekara da shekaru, kuma rabin masu kawo masa aiki ta bakinta suka san shi. Baba da kansa yakan ce ranar da Iya ta juya masa baya, gara ya sauke allon ƙofar ofis ya kai gida.

Tun da kika tafi kujerarki ta amsa waya a ofis babu kowa a kai. Baba yana fita tun safe, wayar ta yi ta ƙara ita kaɗai a ɗaki a kulle, har Tela na kusa da mu ya ce ya fara jin ta a mafarki. An ce ya raba wa mutane lambar wayar hannunsa ya ƙi, wai ba zai riƙa amsa kira yana kan tsani hannu duk baƙin mai ba, kuma lambar ofis ita ce a kan kowa tun kafin a haife ni. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce waccan sai ga shi da kwali a hammata. Sabuwar waya ce mai amsa kira da kanta, ta kuma ajiye saƙon mai kira. Ya dire ta a gabana ya ce wadda take iya cinye littafin soyayya mai shafi ɗari uku a wuni ɗaya ba za ta gaza karanta takarda ɗaya ba. A gaban Tela ya faɗa, Yaya. Na rasa inda zan sa fuskata. Ashe ya san abin da ke cikin bangon littafin lissafina.

Takardar bayanin a ninke take kamar taswira, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, amma sai na ji abin ya ja ni. Igiyoyi biyu ne, ɗaya ta wuta, ɗaya ta layin da ke jikin bango. Ramuka biyu ne a bayan akwatin masu kama da juna, muka sa igiyar layi a wanda ba nata ba, Baba ya kara a kunne ya ji shiru ya fara cewa an sayar masa da gawa. Da na sauya ramin sai ga ƙugin nan na layi, wata 'yar jar fitila ta kama. Na saita rana da lokaci. Sai aka zo kan sau nawa za ta yi ƙara kafin akwatin ya ɗauka. Baba ya ce shida, don kada a ce muna gaggawar tura mutane wurin inji. Tela ya leƙo da tsinken allura a baki ya ce biyu, don kunnensa ne ke shan wahala. Aka tsaya a huɗu. Akwai kuma wurin zaɓar tsawon lokacin da za a ba mai kira, sakan talatin ko minti ɗaya ko minti uku. Na duba agogo na faɗi suna da lamba da abin da ya lalace, ban kai sakan goma ba, sai na bar shi a talatin ina ganin har na yi wa mutane kyauta.

Saura muryar da za ta tarbi masu kira. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya yi gyaran murya, na danna masa maɓallin, sai ya tsaya yana kallon akwatin har lokaci ya ƙare. A karo na biyu ya yi magana, amma da muka saurara kamar yana yi wa wani faɗa daga cikin rijiya, ga keken Tela yana ta sukuwa a bayansa. Ya ce shi ba zai iya magana da abin da ba shi da fuska ba, ni in yi. Na roƙe su suka fita, na tura ƙofa. Sau tara na ɗauka ina gogewa. Kada ki yi mini dariya, na yi ƙoƙarin yin irin muryar da ake kwatantawa a littattafai, mai sanyi, wadda in an ji ta sau ɗaya ake kwana ana tunani. Na yi sallama, na yi barka da wannan lokaci, sai numfashina ya ɗauke, na ɗan yi shiru, sannan na ce nan ofishin mai gyaran firji ne, a faɗi saƙo in an ji ƙara. Na tara ya yi mini daɗi ƙwarai, na bar shi. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, kuma ko kusa bai zo mini a rai ba. Ban ce inji ne ke magana ba.

Aka shirya cewa da safe ina darasin hutu, ƙarfe biyu in biyo ta ofis in saurari saƙonni in rubuta wa Baba a takarda. Ranar Juma'a na buɗe ƙofa na tarar da lamba goma sha ɗaya tana ƙyaftawa a fuskar akwatin. Na zauna a kujerarki, na danna, ɗakin ya cika da mutane ba tare da kowa ya shigo ba. Yaya, ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba. Kin san ni da mutane, in suna kallona kaina kullewa yake yi. Nan kuwa ga muryoyinsu, ga abin da ke bayansu, kukan yaro, ƙarar babur, wata tana daka, kuma ba wanda ke jiran in ce komai. Kamar karatu ne da kunne. Na yi ta juya akwatin ina neman inda muryoyin suke kwana, babu kaset, babu faifai, nauyinsa ma bai ƙaru ba. Har yanzu ban gane ba, in maigidanki ya sani ki tambayar mini shi.

Amma cikin sha ɗayan nan, biyu ne kawai suka faɗi abin da ya kawo su. Sauran duk gaisuwa ce. Sai mutum ya amsa sallamata a daidai shirun nan da na yi, ya ji na ci gaba da magana, ya haƙura har in gama, sannan ya fara. Ya tambayi kwanana, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi Baba da mutanen gida, bayan kowace tambaya ya dakata yana jiran amsa. In ya ji shiru sai ya tambaya ko ina jin sa, ya hura wayar, ya sake tambaya. Yana shirin shiga maganar firji sai ƙit, sakan talatin sun cika. Ga shi layinmu ba ya nuna lambar mai kira. Akwai wani mai murya mai zurfi da ya ce tun jiya yake neman mu, na maimaita shi sau biyar, na ba shi tsawo da farar mota da wani tsohon baƙin ciki da ba ya gaya wa kowa. Daga baya na gan shi, mai sayar da kifi ne, gemunsa fari fat, jikokinsa uku.

Sau uku a ciki wata tsohuwa ce. A kira na farko ta gaishe ni da fara'a, har ta tambaya ko ni ce ƙaramar, ta ce muryata ta girma. A na biyu ta ce ɗazu layi ya yanke, ta sake ɗauko gaisuwar daga tushe. A na uku muryarta ta sauya, ta gaishe ni dai, amma a daƙile, ta ce ita ba ta taɓa ganin yarinyar da za a tambaye ta lafiyar uwarta ta yi gum ba. Da ke ce da kin gane ta tun daga sallama. Ni ban taɓa jin Iya a waya ba, sau biyu na taɓa ganinta ina ƙarama. Abin da ya kamata in yi shi ne in kunna wa Baba ya ji da kunnensa. Ban yi ba. Kunya ta kama ni, na ga muryar da na yi ta yanga da ita ce ta jawo, kuma na ji tsoron ya mayar da akwatin ya ce ni in zauna ina amsa waya. Sai na rubuta masa saƙo biyun nan, a ƙasa na ƙara cewa mutane da yawa sun gaishe shi, har da wata tsohuwa sau uku. Ya karanta a tsaye, ya ce yana amsawa, ya cusa takardar a aljihu.

Ranar Asabar ba darasi, tun safe ina ofis da littafina. Wajen ƙarfe tara wayar ta yi ƙara. Ina zaune a gabanta, hannuna bai fi taku ɗaya da ita ba, na bar ta ta yi huɗunta akwatin ya ɗauka. Na ji muryata tana ta sanyinta, sai ga tsohuwar ta lasifika. Ko a cikin fushi ba ta iya tsallake gaisuwa ba, ta tambayi kwanana, ta tambayi gida, amma ba ta jira amsa ba. A bayanta na ji wani ƙaramin kuka mai yawa, tsiy-tsiy-tsiy, kamar an zuba tsakuwa a faranti. 'Yan tsaki ne. Nan take na san wace ce. Ta ce in gaya wa ubana, in ma ina da bakin faɗa, ita ba ta saba roƙon mutum sau huɗu ba, daga yau za ta nemi wani. Ina kallon lambobin suna tafiya, ashirin da biyar, ashirin da shida. Ban san lokacin da na ɗaga kan wayar ba.

Kin san me ya fito daga bakina? Amsar gaisuwar kwana biyu gaba ɗaya. Na ce mun kwana lafiya, gajiya babu, aiki da godiya, Mama lafiya, Baba lafiya, Kaka ma lafiya, duk a numfashi ɗaya, muryata tana rawa. Sai Iya ta ce ashe ina da rai. Ta gaya mini tun safiyar Juma'a zafin injin ƙyanƙyasarta yake hawa yana sauka, yau kuma ya mutu ɗungurum, faranti shida na ƙwai a ciki, saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe, ta lulluɓe su da barguna tana ta ɗora kwalaben ruwan zafi. Na kira wayar hannun Baba ba ta shiga. Allah ya taimake ni, Baba ya rubuta a allon bango inda za shi, ɗakin sanyin masu nama a bayan kasuwa. Na kulle ofis na tafi da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu, na ratsa ta tsakiyar mahauta suna ta tambayar 'yar wace ce wannan, na same shi a ciki da rigar sanyi. Ina cewa Iya, ya ajiye sifana.

Da la'asar ya dawo. Injin ya tashi, wata 'yar na'urar daidaita zafi ce ta ƙone, amma faranti ɗaya na ƙasa ya riga ya huce, ba za a samu komai a cikinsa ba. Ya ce Iya ba ta yi masa faɗa ba, kuma ba ta ba shi ko ruwan sha ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da zai tafi ta ce ranar Litinin za ta zo ta ga yarinyar da idonta, daga nan za ta san abin da za ta yi. Sai na kunna masa saƙonnin Juma'a duka. Ya saurara kansa a ƙasa. Bai daka mini tsawa ba, na ma fi son ya yi. Cewa kawai ya yi mutum yana iya yin kuskure a kan inji, amma takardar da na rubuta masa ba inji ne ya rubuta ta ba. Ranar Lahadi ko shafi ɗaya ban iya karantawa ba.

Litinin da rana ta iso a bayan babur, 'yar ƙarama da ita, ta fi yadda nake tunawa gajarta, da sanda da ƙaton mayafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ɗaya bayan ɗaya tana kallona, kamar tana ƙirga ko zan tsallake wani. Baba ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu, ta ce ba wurinsa ta zo ba. Ta ce in faɗa mata da bakina dalilin da ya sa na yi mata shiru sau uku na kuma kashe waya tana tsakiyar magana. Na ce ba ni ba ce, kuma ni ce. Na jawo akwatin gabanta na nuna mata maɓallin, na kunna muryata, sannan na kunna tata. Yaya, da kin ga fuskarta. Ashe ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Ta tambaya wace ce wannan mai muryar tsohon zakara. Da na ce ita ce, ta kalli Baba, ta kalli Tela da ya riga ya baro kekensa ya tsaya a bakin ƙofa, sai dariya ta ƙwace mata har tana buga sanda a ƙasa. Ta sa na maimaita na ukun, inda take faɗa, sau biyu. Ta ɗaga akwatin ta leƙa ƙarƙashinsa, ta girgiza shi a kunne, ta tambaye ni inda aka zuba ta a ciki. Na ce ni ma abin da ke damuna ke nan. Ta ce to aƙalla ba na ƙaryar sani.

Na faɗa mata sauran kuma, cewa na ji kiranta tun Juma'a na ɓoye don kunya. Nan dariyar ta tsaya. Ta ce ƙwai saba'in ne kunyata ta ci, in riƙe wannan a raina duk ranar da na ji bakina ya yi nauyi. Sannan ta juya kan akwatin. Ta ce laifinsa ɗaya, an sa masa muryar 'yar mutunci, kuma duk mai tarbiyya in ya ji 'yar mutunci ta yi sallama dole ya tsaya ya gaisa. Abin da yake bukata murya ce da ba wanda zai yi sha'awar tambayarta kwana. Ta ce in danna mata.

Sau uku muka ɗauka, don a na farko ita ma da ta buɗe baki sai ta shiga gaida masu kira da tambayar iyalansu, Tela ya tuntsire har ya koma shagonsa. A na biyu ta yi tari. Na ukun shi ne yake kai yanzu. Ta yi sallama a gajarce, ta ce wannan akwati ne ba mutum ba, ba ya jin gaisuwa kuma ba ya amsawa, mai gyara da iyalinsa duk lafiyarsu ƙalau an gode, a faɗi suna da lamba da abin da ya lalace tun kafin ya rufe bakinsa. Ni kuma na mayar da lokacin minti uku, saboda masu taurin kai. Da za ta hau babur ta ce wa Baba, ba tare da ta dube shi ba, ƙaramar firizarta tana wani gurnani, ya leƙo ranar Alhamis. Baba ya ce to. Da suka sha kwana ya zauna a kan benci ya cire hula ya daɗe yana shafa kai.

Tun daga ranar saƙonni suna fitowa sarai, ko da yake har yanzu akwai masu cewa a gaida tsohuwar kafin su ajiye. Ƙwan faranti biyar ɗin sun ƙyanƙyashe, Baba ya gani da idonsa, an kuma ba shi ruwa. Ba zan ɓoye miki ba, da na danna maɓallin da ya goge muryata sai da na ji ba daɗi, don na so ki kira ki ji ta ko sau ɗaya.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shan ruwa da yawa kuma ki daina ɗaukar yarinya da hannu ɗaya kamar yadda ta gani a hoto. Baba yana gaida maigidanki da kyau, Kaka ta ce a shafa mata kan takwararta. Goggo da su Kawu duk suna miƙo gaisuwa, Tela ma ya ce lallai in sa sunansa. Ki gaida surukarki da duk wanda ya tambaye mu.

In kin kira lambar ofis kika ji wata tsohuwa tana kora ki, ba ki yi kuskuren lamba ba. Amma ki kira tsakanin ƙarfe biyu da huɗu. Na roƙi Baba ya bar mini waɗannan awanni, ina kashe akwatin in ɗauka da kaina. Jiya na amsa kira bakwai, sau biyu kawai muryata ta yi rawa.

Wassalam. Ƙanwarki mai kewarki kullum,
Auta